Ruwan da Baba Tanimu Ya Je Gani

Jikokina sun dawo daga Hada, can saman duwatsun Ɗa'ifa, ranar Juma'ar nan da takalmansu masu laushi kamar burodi, suna nuna mini hotuna, wai sun yi yawon dutse. Na tambaye su inda suka ajiye mota. Suka ce a bakin titi, kusa da mai shayi. Na ce madalla, kun yi yawon shayi. Babbansu Faisal, wanda Larabcinsa ya fi Hausarsa ƙarfi, ya yi dariya ya ce, "Ya jaddi, ai tafiya ce kawai, mene ne abin koyo a ciki?" Ni kuwa da wannan tafiyar na ci abinci tun ina saurayi har gemuna ya fara fari, saboda haka ku gyara zama in gaya muku abin koyon.

A zamaninmu babu wannan titin da yake murɗawa a jikin dutsen Kara. Wanda zafin Makka ya kora yana son ya sha iskar Ɗa'ifa, ko dai ya bi mota ta doguwar hanya mai zagaye, in yana da hali kuma motar ta ga dama, ko ya biyo mu. Mukan fita ta Mina da Arfa, mu ratsa Wadi Nu'uman, mu isa gindin dutse, daga nan sai tsohuwar hanyar da mutanen da suka shimfiɗa da duwatsu, tana hawa kamar matakalar bene har Hada. Wannan aikin kowane mai jaki ya iya shi. Namu aikin shi ne mu sauka daga hanyar, mu shiga da mutane cikin kwazazzabai, inda bango biyu na dutse suke matsowa har sama ta koma tsiri, mu kai su gindin shallal, wato inda ruwa yake faɗowa daga saman dutse idan an yi ruwan sama. Larabawa suna kiran mai wannan aiki dalili, a unguwarmu ta Jarwal a Makka kuwa Hamza Jagora ake ce mini.

Tsire ne ya sa ni a sana'ar. Mahaifina mutumin Haɗeja ne, yana da tukuba a Jarwal, kuma akwai wani Balaraben dutse daga kabilar Huzail, Ammi Atiyya, da yakan sauko da zuma da gawayi ya sayar, ya biya wajenmu ya ci nama yana hawaye saboda yaji, gobe kuma ya dawo. Wata rana ya ga na sauke masa buhun gawayi ni kaɗai. Ya dubi ƙafafuna kamar mai taya alfadari, ya ce da mahaifina ya ba shi aron yaron nan na bazara ɗaya. Aron bai ƙare ba sai da Ammi Atiyya ya tsufa ya miƙa mini sandarsa.

Shekarar farko bai koya mini komai da baki ba. Ya sa ni a bayan wata tsohuwar jaka ya ce in sa ƙafa inda ta sa, in tsaya inda ta tsaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina ganin kaina namiji ne, ga shi an ba ni jaka a matsayin malama. Amma a wajenta na koyi gane dutsen da zai juya da mutum da wanda ya kafu, na kuma koyi gajeren taku. Mu Hausawa mutanen fili ne, iyayenmu sun ratso Chadi da Sudan da dogon taku, kuma dogon taku a jikin Kara ba ya kai mutum ko'ina sai haki.

Abin da ya koya mini da baki kuwa tambaya ɗaya ce, kuma ya yi mini ita har na tsane ta. Duk inda muka tsaya a cikin kwazazzabo, ko shan ruwa ne, ko gyaran igiya, sai ya juyo ya ce, "Ya Hamza, ina za ka hau?" In na yi jinkirin nuna masa wani tudu ko baki a jikin bango da mutum zai iya kaiwa da sauri, sai in ji sanda a ƙwauri. Dalilin tambayar shi ne sel, ambaliyar dutse. Kana ƙasa rana tana haska ka, sama garau, alhali can kan tsaunukan da ba ka gani hadari ya zubar da abin da ke cikinsa. Ruwan nan duk kwazazzabo ɗaya zai biyo, da duwatsu da itatuwa a bakinsa. Baƙo in ya ji shi sai ya juya ya ruga ƙasa, ya bi hanyar da ya shigo, kuma ruwan ma can za shi. Saboda haka jagora ba ya kallon shallal sai ya fara zaɓar mafaka, ya auna ta da ƙarfin wanda ya fi kowa rauni a cikin ayarinsa.

Sai kuma kunnenmu na sama. Matan Huzail suna kiwon awaki a bakin kwazazzabai, daga inda suke tsaye suna hango tsaunukan da mu ba ma gani. Ba a shiga sai an biya ta wajen wadda take kiwo a ranar, a gaishe ta, a ajiye mata ɗan gahawa da sukari, a gaya mata ga inda za a. Ba jinga ba ce, ba a kuma ciniki, girmamawa ce kawai. Ita kuma in ta ga ruwa ya sauka a sama, sai ta zo baki ta saki wata doguwar kururuwa mai kaifi wadda bangon dutse yake miƙawa har ƙasa. Jagora ya amsa mata don ta san an ji, sannan kowa ya hau. Wanda ya shiga bai gaishe su ba, za su yi masa kururuwar duk da haka in sun san yana ciki, amma ta yaya za su sani?

Kayan aikina ba su cika mangala ɗaya ba. Takalmi fade na fatar raƙumi, daga baya muka koma na tayar mota, wanda ya fi riƙe dutse mai santsi. Sanda ta itacen zaitun na daji, mai nauyi, wadda ba ta tsagewa. Igiya ta zaren dabino, da nake ɗaura wa baƙo a ƙugu a wurare masu tsoro, ko da yake rabin amfaninta kwantar da hankali ne. Salka, wadda ake shafa wa kwalta ta itacen dutse a ciki, ruwanta yana ɗan warin hayaƙi, baƙi su yi ta yatsine fuska da safe, kafin azahar kuwa suna roƙo a ƙara musu. Da matsefata a rataye a wuya, domin akwai wani ɗan itace mai ƙaya da ake kira barshumi, zaƙi gare shi, kuma ban taɓa ganin baƙon da ya ji gargaɗi kafin ya damƙe shi da hannu ba.

Na kai mutane iri-iri. Ɗaliban Jawa, mutanen tsibiran gabas mai nisa, su ne 'yan daɗina, suna tafe suna waƙa, da sun ga tafki sai su faɗa ciki da zannuwansu kamar agwagi. Akwai wani mai sayar da yadi mutumin Sham da ya yi ta kushe mini shallal, wai a ƙasarsu ruwa daga ƙanƙara yake fitowa, yana zuba rani da damina, wannan namu kuwa abin tausayi ne. Kowace shekara sai ya dawo ya sake kushewa, ya kuma zauna ya fi kowa daɗewa. Wani attajirin Makka kuma ya kawo kwandon abinci da ya isa walima, ya hana ni rufe shi, yana son kowa ya ga abin da matarsa ta shirya. Birai suka gani. Babban gwaggon biri ya sauko a natse, ya ɗauki kwandon gaba ɗaya, ya hau inda ba mai iya binsa, ya zauna yana ci yana jefo mana ƙasusuwa. Ranar dabinona muka raba, attajirin yana ci yana zagin birin har kakanninsa.

Mummunar shekara ta zo mana cikin babban yaƙin Turawa. Jiragen ruwa suka yi ƙaranci, alhazai suka ragu, gahawa da sukari suka zama abin da ake ji a labari. A kan haka kuma sama ta riƙe ruwanta. Shallal duka suka bushe, tafkuna suka koma laka, sannan laka ta tsage. Ammi Atiyya ya riga ya zauna a gida saboda gwiwa, ni kuma na koma juya tsire a tukubar mahaifina, sandata tana jingine a bango tana shan ƙura.

A wannan shekarar Baba Tanimu ya same ni. Maƙwabcinmu ne, mutumin ƙasar Zazzau, ɗan garuwa, ya ƙare ƙarfinsa yana hawa da ruwa benayen Makka. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ta ci rabinsa, kuma mai maganin da ya duba shi ya gaya masa gaskiya, cewa da wuya sauran ya kai aikin Hajji mai zuwa. Ya zauna a kan bencinmu ya ce, "Ɗan Haɗeja, an ce kai ne ka san inda ruwa yake faɗowa daga sama."

Na ce, "Na san inda yake faɗowa, Baba, in akwai shi. Bana babu."

Ya ce, "Ni dai tun da na zo garin nan hawa nake yi da ruwa a kafaɗa. Ina so in ga yana saukowa da kansa, ba wanda ya ɗauko shi. Ina yaro na taɓa gani a kudancin ƙasarmu, ban sake ba. Ka kai ni tun ina da abin gani, in ya rufe halas, shi ke nan, sai dai a ba ni labari, ni kuwa na gaji da labari."

Na ce masa in Allah ya saukar da ruwa, ko ina tsakar juya nama zan ajiye mu tafi. Daga ranar kullum da safe sai ya biyo ta tukuba ya ɗaga fuska sama ya tambaye ni ko akwai hadari, ni kuma in lura da yadda yake ƙara laluben bencin kafin ya zauna. Wata ya wuce, wani ya bi shi. Na fara jin tsoron gaisuwarsa.

Sai ga wani mai jaki ya sauko da 'ya'yan rumman kasuwa, ya ce an yi ruwa a Hada shekaranjiya. Ban gama jin ƙarshen zancen ba na aika a gaya wa Baba Tanimu ya ɗaura takalmi. Shallal irin namu ba ya jiran kowa, bayan ruwan sama kwanaki kaɗan yake yi ya ɗauke. Matsalar da ta rage ita ce gaisuwar matan sama, don babu gahawa ko ƙwaya ɗaya a gidajenmu. Matar Baba, Inna Hajara, ta ce mu ba ta minti kaɗan. Ta fito da ƙullin yajin tsire da ta daka da ƙuli-ƙuli, ta ce in wannan bai isa gaisuwa ba, to matar ba ta da harshe.

Na ari jaki saboda shi, ya ƙi hawa. Wai shi da ya tako daga Zazzau har bakin teku da ƙafarsa, ba ɗan dutsen nan ne zai sa a gan shi a kan jaki ba. A fili kam ya ba ni mamaki, ina binsa ina haɗa gumi. Da muka fara hawan Kara ya buɗe taku irin na matafiyan hamada, na ce, "Baba, shuwayya shuwayya, rage taku." Ya ce in koya wa kakana. Ba mu yi nisa ba ya zauna a kan dutse yana numfashi kamar zugazugi, ya ce iskar nan ta sama an tsinka ta da ruwa, ba ta ƙosar da mutum. Daga nan ya yarda ya riƙe wutsiyar jakin yana bin sawunsa, da sharaɗin kada in faɗa a Jarwal. Yau na faɗa, Allah ya jiƙansa, na san zai yafe.

Wadda take kiwo a bakin kwazazzabon ranar ita ce Ummu Salim, tsohuwa ce siririya da ta san ni tun ina bin jaka. Na gaishe ta, na ba ta haƙurin rashin gahawa, na miƙa ƙullin. Ta lakata da yatsa ta sa a baki. Idanunta suka kawo ruwa, ta yi tari har awakinta suka waiwayo. Da ta samu numfashi ta ce, "Ya Hamza, me na yi wa uwarka?" Sannan ta sake lakata, ta ƙulle sauran a gefen mayafinta. Ta nuna mini can gabas inda wani ɗan gajimare yake zaune a kan tsauni, ta ce ba ta yarda da shi ba, mu shiga amma kada in saki kunnena.

Muka bar jakin a wajenta muka gangara. Na ɗaura wa Baba igiya, ina gaba ina gaya masa inda zai sa ƙafa. Ciki akwai sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙen dutse, ga ɓaure ya fito daga tsagar bango, ga tsuntsaye. Kafin mu ƙarasa na zaɓi mafakarmu, wani faffaɗan baki a bangon hagu, sama da layin da tsofaffin ambaliya suka bari, mai hawa kamar matakala. Na kai hannunsa na sa ya shafa matakan farko, na ce ya riƙe su a ransa. Ya ce shi kallo ya zo, ba gini ba.

Da muka sha kwana ta ƙarshe na ɗaga kai na dubi dutsen. Mun makara. Abin da ya rage na shallal bai fi kaurin igiyata ba, yana bin jikin baƙin dutse a hankali, ko ƙara ba ya yi sosai. Baba Tanimu ya tsaya ya rufe mataccen idon da tafin hannu, ya ware ɗayan, ya ɗaga kai ya sauke, ya matsa gaba, ya koma baya.

Na ce, "Ga shi can, Baba, daidai inda dutsen ya yi duhu."

Ya ce, "Na gani, na gani. Masha Allahu." Amma wajen da yake kallo ba nan ruwan yake ba. Ya ɗan jima, sannan ya sauke hannunsa ya ce a hankali, "Ka yi ƙoƙari, ɗana. Allah ya yi maka albarka." Ban taɓa jin godiyar da ta yi mini ciwo kamar wannan ba.

Muka zauna na ciro dabino. Ina tauna na farko kururuwar ta sauko. Doguwa, mai kaifi, bango yana miƙa wa bango. Na miƙe na amsa da iyakar muryata. Baba ya tambayi mene ne, na ce sel ne, tashi. Nan take ya juya zai ruga ta hanyar da muka shigo, da irin gudun da ban san yana da saura ba. Na ja igiya na tsayar da shi. Ya ce, "Sake ni, yaro, mu fita!" Na ce, "Ba fita, Baba, hawa za mu yi. Ina matakan da ka shafa?" Na juya shi na ɗora hannunsa a kai. Ya hau na farko da na biyu da kansa, sauran kuwa kafaɗata na sa a ƙarƙashinsa ina turawa, yana salati yana zagina a numfashi ɗaya. Takalminsa ɗaya ya faɗi, ya ce in ɗauko, na ce ya yi masa sallama.

Muna isa kan bakin iska ta fara zuwa, mai sanyi da warin ƙasa. Sannan ƙara, kamar ana mirgino duwatsun duniya a cikin turmi. Igiyar ruwan nan ta yi kauri, ta yi ja, sai kawai saman dutsen ya buɗe. Ruwa ya yi tsalle ya bar jikin bango gaba ɗaya, faɗinsa ya cika kwazazzabon daga wannan gefe zuwa wancan, ya faɗo ƙasa ya tashi fari kamar auduga har feshinsa yana jiƙa mana fuska. Inda muka zauna cin dabino ya ɓace. Na buɗe baki zan fara kwatanta masa, sai ya damƙe mini hannu.

Ya ɗaga murya ya ce, "Yi shiru! Ni zan gaya maka. Ja ne a sama, fari a ƙasa. Ga itace can ya taho da shi, da saiwarsa a sama. Ga shi ya faɗo! Ƙarya na yi?"

Na ce, "Wallahi ba ka yi ƙarya ba, Baba, ɓaure ne."

Ya yi ta dariya, ruwa yana bin gemunsa, ban san wanne ne feshi wanne ne hawaye ba. Ni ma dariyar nake yi, don daɗi ya cika ni. Muka zauna a kan bakin nan har ruwan ya rage fushi ya koma fari tas, shi kuwa ko ƙiftawa ba ya son yi. Na miƙa masa salka ya ture, ya ce kada in tare masa. Sai da Ummu Salim ta turo 'yan'uwanta da igiyoyi suka jawo mu ta sama, ya koma Makka a kan jaki da takalmi ɗaya, wannan karon bai yi gardamar hawan ba.

Idon bai kai Hajji ba, kamar yadda aka faɗa. Da na ji ya rufe gaba ɗaya na ɗauki tsire mai zafi na tafi gaishe shi. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, fuskarsa a ɗage, yana murmushi shi kaɗai. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta juya maganar da zan yi masa, daga ƙarshe na ce, "Baba, yaya haƙuri da duhun?"

Ya juyo wajen muryata ya ce, "Wane duhu, ɗan Haɗeja? Ai har yanzu bai gama zubowa ba."